Ƙayar Teku da Masu Lambun Ingila

A gaɓar tekun gabashin Ingila, can inda gonaki suka ƙare yashi da tsakuwa suka karɓa, akwai wani tsiro da yake fitowa a wurin da ko ciyawa sai ta yi da gaske take rayuwa. Tsayinsa da wuya ya wuce gwiwar mutum. Ganyensa ga kauri ga tauri, gefe-gefensa duk ƙaya, launinsa kuma tsakanin shuɗi da ruwan toka. Idan watan Yuli ya kama sai ya fitar da dunƙulallun furanni shuɗɗa, kowanne zaune cikin zoben ganye mai tsini, ƙudan zuma su yi ta kai-komo a kansa har ƙarshen Agusta. Mutanen Ingila si-holi suke ce masa, don ganyen ya ɗauko siffar na bishiyar holi. Masana tsirrai kuwa Eryngium maritimum suka rubuta. Ni ƙayar teku zan riƙa cewa, ita da sauran 'yan'uwanta, waɗanda yawansu ya kai kusan iri 250 a duniya.

Duk da kamannin ganyen, ba abin da ya haɗa ta da bishiyar holi. Dangin karas ce, kuma saiwarta ce shaida. Saiwar doguwa ce mai nama, tana nutsawa fiye da mita guda cikin yashi har ta tarar da damshin da rana ba ta iso wa. A jikin ganyen akwai wani maiƙo mai kama da kakin zuma, shi ne yake hana ruwan jikinta tsiyayewa, shi ne kuma yake kare ta daga iskar gishiri. Idan guguwa ta tulo mata yashi ta binne ta, sai ta ƙara tsawo ta sake ɓullowa. Haka take tun kafin a san akwai lambu a ƙasar, haka kuma take har gobe.

Ita dai ba ta canza ba. Mutanen da suke kallonta ne suka canza, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ya sa labarinta ya kama mini zuciya shi ne, kusan duk sauyin ana iya bin sawunsa a yanki guda, wato Essex, arewa maso gabas da Landan, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duk Ingila.

Da farko ba don kyau ake nemanta ba, don ci ne. A ƙarni na 16 da na 17 saiwarta abar kasuwa ce. A je bakin teku a haƙa rami mai zurfi a ciro ta, a wanke, a dafa har ta yi laushi, a ɓare bawon, a zare zuciyar mai tauri, sannan a turara ta cikin ruwan sukari da ɗan ruwan wardi har ta zama alawa. Ana ba mai tari, ana ba tsohon da ƙarfinsa ya ja baya, ana kuma ba magidanci da niyyar ƙarin kuzari. John Gerard ya bayyana yadda ake haɗa ta a littafinsa na tsirrai na 1597, Shakespeare ma ya ambace ta a wasansa The Merry Wives of Windsor. Garin Colchester ne ya yi suna da ita. Wani mai haɗa magunguna, Robert Buxton, shi ya ɗaga sana'ar a ƙarni na 17, har ta kai ga hukumar garin tana zuba alawar cikin akwati tana miƙa wa manyan baƙi a matsayin tsaraba. Sana'ar ta daɗe tana tafiya, sai wajen shekarun 1860 ta mutu.

Ba na ganin laifin mutanen wancan zamani. Sun san tsiron fiye da yawancin masu shuka shi yau: sun san inda yake fitowa, sun san zurfin saiwarsa da hannunsu, sun san lokacin da ya fi zaƙi. Sai dai sanin mai ɗiba ne. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya mayar da komai cikin ramin. Teku ce ta yi noma, su kuma suka yi girbi.

Zamani na biyu na masu hannu da shuni ne. Ellen Willmott, wadda aka haifa a 1858, iyayenta sun koma wani gida mai suna Warley Place kusa da Brentwood, nan cikin Essex, a 1875. Dukiya ta gada mai yawa, ta kuma zuba ta gaba ɗaya cikin ƙasa. A lokacin da tauraronta yake haskawa, ma'aikatan lambunta sun haura 100. Ta sa an haƙa kwazazzabo an jero manyan duwatsu, an ratsa ruwa ta tsakiya, don tsirran tsaunukan Alps su ji kamar suna gida. Tana da wani lambun a Faransa, tana da wani a Italiya. A ilimi ma ba a bar ta a baya ba. A 1897, da ƙungiyar masu lambu ta masarautar ƙasar, RHS, ta ƙirƙiro lambar girmamawa ta Victoria ta ba mutum 60, mata biyu ne kacal a ciki: ita da Gertrude Jekyll.

Wata 'yar'uwar ƙayar teku ce ta riƙe sunanta har yau. Eryngium giganteum daga tsaunukan Caucasus aka kawo ta. Ta fi ta bakin teku tsayi, tana kai mita guda, kuma fari-fari take kamar azurfa, musamman da magariba. Ba ta daɗewa: ta shekara tana tara ganye, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu, 'ya'yan su fito inda suka ga dama. Masu lambu suna ba da labarin cewa Willmott takan cika aljihu da irin, idan ta kai ziyara lambun wani sai ta watsa a ɓoye, bayan shekara biyu mai gida ya wayi gari ya ga farar ƙaya tsaye tsakiyar furanninsa. Da wannan labarin ne ake kiranta fatalwar Miss Willmott.

Ƙarshen matar akwai ban tausayi. Kuɗi suka ƙare, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe ma'aikata, lambunan ƙetare suka fita daga hannunta. Ta rasu a 1934 cikin bashi, daga baya aka rushe gidan. Yau Warley Place wurin adana namun daji da tsirrai ne a hannun ƙungiyar Essex Wildlife Trust. Tsirran da sai da mutum ɗari suke rayuwa sun bi uwargijiyarsu. Waɗanda suka rage su ne waɗanda tun farko ƙasar ta yarda da su. Ita ma farar ƙayar da ta ɗauki sunanta ta wanzu a lambunan duniya ne saboda ba ta taɓa buƙatar ma'aikaci ko ɗaya ba.

Tunanin wancan zamani shi ne, ƙasa baiwa ce, mai lambu ubangida. In ta bushe a kwarara mata ruwa, in ta rame a tula mata taki, in tsiro ya ƙi wurin a canza wurin don ya dace da tsiron. Kuma da ido ake zaɓe. Nan ne labarin masu ganye irin na holi ya shigo. Bishiyar holi ta gaskiya, Ilex aquifolium, 'yar ƙasa ce a Ingila. Ba ta kakkaɓe ganye ko a tsakiyar hunturu, tana jure inuwa, tana girma a hankali. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai take yin jajayen 'ya'yan nan da ake ƙawata gidaje da su lokacin Kirsimeti, shi ma sai in akwai namiji kusa. Makiyayan arewacin ƙasar a da sukan sare rassanta na sama su ba tumaki a hunturu, domin ganyen sama ba shi da ƙaya sosai. Ƙayar ta fi yawa a ƙasa, daidai inda bakin dabba yake kaiwa.

Son wannan ganye mai sheƙi ya sa a ƙarni na 19 aka yi ta shigo da duk abin da ya yi kama da shi. Aka kawo Mahonia daga yammacin Amurka ta Arewa, mai fure rawaya da 'ya'ya baƙi-baƙi masu ratsin shuɗi. Aka kawo Osmanthus daga Japan, mai ƙananan furanni farare masu ƙamshi a ƙarshen shekara, wadda ta yi kama da holi har sai an duba zaman ganyen a jikin reshe kafin a bambance: nata bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, na holi kuwa ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu masu kyau ne, dukkansu suna da amfani a shinge da gindin manyan itatuwa. Amma kamannin ganye ba ya nufin halin ɗaya ne. Holi da Mahonia inuwa da ƙasa mai ɗan damshi suke so. Ƙayar teku kuwa in aka sa ta inuwa ko ƙasa mai riƙe ruwa, an kashe ta ke nan.

Ɗaukar tsiro daga gidansa a kai shi wani wuri ma yana da nasa sakamakon. Holin da aka kai jihohin Washington da Oregon na Amurka don ado da kasuwar Kirsimeti, tsuntsaye suka ɗauki irinta suka watsa cikin dazuzzuka, yanzu mutane ne suke fita da gatari suna fama da ita. Mahoniar da aka ɗauko daga can ita ma ta tsallake shinge ta bazu a dazuzzukan wasu ƙasashen Turai. Tsiro ba ya mugunta. Inda aka ajiye shi ne yake mayar da shi alheri ko masifa.

Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miyar masu lambun Ingila a 1976 ta ƙare. An yi farin da ba a manta da shi ba har yau. Madatsun ruwa suka ƙafe, aka yanke famfon gidaje a wasu garuruwa mutane suka koma layi a famfon titi, gwamnati har minista ta naɗa, Denis Howell, don ya ji da farin. Koriyar ciyawar nan da Ingila take alfahari da ita ta ƙone ƙurmus. Furannin da suka saba da tiyo suka kwanta. A gefe guda kuma ga masu ganye ruwan toka, masu ƙaya, masu doguwar saiwa, suna tsaye ko a jikinsu.

Bayan shekara biyu, a 1978, wata mata mai suna Beth Chatto ta fitar da littafi kan lambun busasshiyar ƙasa, The Dry Garden. Ba a ɗaki ta zauna ta tsara shi ba. Tun 1960 ita da mijinta Andrew suka gina gida a Elmstead Market, 'yan kilomitoci kaɗan daga Colchester, garin alawar nan. Filin wani yanki ne na gonarsa da aka bari don ba ya nomuwa: tudu tsakuwa da yashi, kwari kuma taɓo da sarƙaƙiya. Andrew ya ƙarar da rayuwarsa yana bin asalin tsirran lambu, wane dutse suka fito, wane irin ruwa yake sauka a can, da su wa suke zaman tare. Da wannan ilimi Beth ta juya tambayar da aka saba yi. Maimakon ta ce me nake so in gani a nan, sai ta ce wane tsiro ne gidansu ya yi kama da nan. Masu son damshi ta kai su kwari, masu son inuwa gindin itatuwa, masu son rana da yunwa kuma ta hau da su tudu. Manomin da ya san ba a kai shinkafa jigawa, ba a kai gero fadama, ba zai ga wani sabon abu a nan ba. Amma a duniyar lambun ado, inda aka daɗe ana ganin kuɗi da tiyo sun isa su rufe bakin ƙasa, magana ce babba. Ta ci lambar zinariya sau 10 a jere a bikin furanni na Chelsea, da tsirran da wasu alƙalan farko suke yi wa kallon ciyawar daji.

Babbar jarrabawar a farkon shekarun 1990 ta zo. Ta ɗauki filin da baƙi suke ajiye motoci, wanda taya ta daddage, ta ce za ta mayar da shi lambu kuma ba za a taɓa ba shi ruwa ba. Aka farfasa ƙasar da zurfi, aka gauraya mata ruɓaɓɓen ganye don tsirran su sami abin kama ƙafa, aka jiƙa kowace shuka sosai ranar dashe, daga baya aka shimfiɗa tsakuwa a kai. Daga nan sai abin da Allah ya saukar. Ruwan yankin kusan milimita 500 ne a shekara. Wasu tsirran sun mutu, ba ta kuma sake dasa irinsu ba. Waɗanda suka rayu, har da dangin ƙayar teku, su ne suka zama lambun tsakuwar da mutane suke zuwa kallo daga ƙasashe da yawa. A 2001 RHS ma ta buɗe nata busasshen lambun a Hyde Hall, shi ma cikin Essex. Beth Chatto ta rasu a 2018, tana da shekara 94.

Wanda duk ya taɓa shuka ƙayar teku ya san tana koyar da wannan darasi da kanta, domin kusan duk kyautatawar da mai lambu ya saba yi, ita cutarwa ce a gare ta. Ba ta son taki. In ƙasa ta yi maiƙo sai karan ya zuƙe ya yi laushi ya kwanta, shuɗin ya koɗe ya koma kore-kore. Rana take so tun safe har yamma, kuma gwargwadon zafin rana gwargwadon ƙarfin launin. Sanyi ba ya kashe ta, ruwan da ya kwanta a gindinta cikin hunturu shi yake ruɓar da saiwar, shi ya sa mai ƙasar yumɓu sai ya gauraya tsakuwa ko ya ɗaga kunya. Ba ta son a motsa ta. Saiwar ɗaya ce doguwa, in ta karye wajen cira da wuya ta murmure, don haka tun tana ƙarama ake zaɓar mata mazauni a bar ta nan. Irinta sai ya sha sanyi kafin ya tsiro, shi ya sa ake shuka shi da zarar ya nuna a bar tukunyar a waje ta kwana cikin hunturu. Mai son irin launin uwar sak sai ya yanki guntun saiwa a ƙarshen sanyi ya binne cikin yashi. In fure ya bushe kuma ba a gaggawar yankewa, ana barinsa tsaye don ƙwari su sami mafaka, iri kuma ya zuba. A taƙaice, aikin mai lambu a nan tunani ne kafin dashe, da kame hannu bayansa. Kame hannun nan shi ya fi wuya.

Yau ba mai yi wa hanyar Chatto dariya. Ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby na Ingila, abin da ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba, kamfanonin ruwa da dama kuma suka hana ban ruwa da tiyo. Tsirran da a da ake wa kallon ƙayar banza su ne yanzu a sahun gaba a shagunan shuke-shuke: Eryngium planum mai ƙananan furanni da yawa, Eryngium bourgatii ta tsaunukan Pyrenees mai farin jijiya a ganye, Eryngium alpinum mai zobe mai laushi. Masu kiwon zuma suna yabonsu, masu tsara lambunan birni suna nemansu.

Na yi murna da wannan, amma murnar ba ta rufe mini ido ba. Yayi daban, fahimta daban. Mutum zai iya sayen ƙayar teku don ya gan ta a mujalla, ya kai ta inuwa, ya cika ta da taki, ya kashe ta, ya koma ya sayo wata. Wannan tsohon tunanin ne ya sake riga. Shuɗin furen ya shiga kasuwar furannin biki, ana noma shi a tsaunukan Kenya ana ɗora shi a jirgin sama zuwa Holan, tsiron da ake yabo don ba ya cin komai ya zama yana cin man jirgi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne halin da ta asalin take ciki. A daidai lokacin da 'yan'uwanta suka cika lambuna, ita tana ja da baya a gaɓar tekun arewacin Turai. Masu yawon shan iska suna tattaka ta, wasu suna tsinke furen su kai gida, gine-gine da katangun tare teku suna cinye tudun yashin. A Poland sai da doka ta shiga tsakani ta hana taɓa ta. Lambu zai iya adana launinta, amma ba zai iya zama bakin teku ba.

Idan na jera zamunan nan uku, ba na ganin mugu da nagari. Mai haƙa saiwa ya san tsiron amma bai yi tunanin gobe ba. Willmott ta so tsirrai har ta talauce a kansu, amma soyayyarta sai da runduna take tsayawa. Chatto ce ta gane cewa ƙasa tana da nata ra'ayin, kuma wanda ya saurare ta shi yake hutawa. Ci gaban da aka samu cikin shekara 400 ba a yawan irin da aka tara yake ba, a ladabin da aka koya yake.

Ladabin nan kuwa ba ya tsayawa a ƙofar lambu. Ruwa zai ci gaba da tsada, bazara za ta ci gaba da tsanani, kuma kowane mai fili, babba ko ƙarami, zai zo inda dole ya zaɓa: ko ya ci gaba da ciyar da abin da ƙasarsa ba ta so, ko ya tsaya ya koyi abin da take iya ɗauka. Wanda ya zaɓi na biyun bai gama ba sai ya tuna da wuraren da tsirran suka fito, ya tsaya musu idan aka zo rusawa. Duk ilimin da Andrew Chatto ya tara, daga tsaunuka da jeji da bakin teku ya samo shi. In waɗannan wurare suka lalace, masu lambun gobe ba su da inda za su je su yi tambaya.